Yadda ake sa wa zomo barci a yi masa aiki ya tashi lafiya

Zomon farko da ya mutu a hannuna ba a kan tebur ya mutu ba. Namiji ne fari tas, kilo biyu da ɗan wani abu, wani bawan Allah ya kawo shi tare da 'yarsa wai a yi masa fiɗiya don ya ishe su da fesa fitsari a falo. Aikin minti goma sha biyar, na ɗinke na wanke hannu har ina ji da kaina. Na ajiye shi a kejin ƙasa kan ƙarfe tsirara ko tsumma babu, ga wani kare a kejin sama sai haushi yake, ni kuma na fita duba wata tunkiya. Da na dawo bayan awa ɗaya da wani abu na tarar ya mutu, jikin har ya yi sanyi. Yarinyar nan ko shekara tara ba ta kai ba, tambaya ɗaya ta yi min, "Likita, ba ka ce barci kawai zai yi ba?" Wallahi har yau ban manta ba.

Daga baya na gane ba ni kaɗai ba ne. Akwai wani babban bincike da aka yi a asibitocin dabbobi na Birtaniya aka wallafa a 2008, sun samu cewa a karnuka wajen 1 cikin 600 ke mutuwa ta dalilin barcin tiyata, a kyanwa wajen 1 cikin 400, amma zomo 1 cikin 72. Ko zomon da yake lafiya ƙalau 1 cikin 137 ne. Kuma abin da ya fi taɓa ni, kusan biyu cikin uku na zomayen da suka mutu bayan an gama aikin ne suka mutu, yawanci a awa ukun farko. Can fa kenan inda suke da kayan aiki. To kaga allurar kanta ba ita ce duka maganar ba, tsoro da sanyi da numfashi da tsayawar hanji su ke kashe zomo. Wannan bayanin na abokan aiki ne, likitocin dabbobi da masu taimaka musu a tiyata da ɗalibai, ba wai mai kiwo ya je ya nemo ketamin ya gwada a gida ba, don Allah.

Matakin farko tun kafin a kawo shi yake farawa, a waya. Ka gaya wa mai zomo kada ya hana shi abinci. Mutanenmu da sun ji an ce tiyata sai su ce toh azumi tun dare, saboda haka aka saba da mutum da kare. Zomo ba ya amai, ƙofar tumbinsa a matse take sosai, don haka dalilin azumin ma babu shi, kuma hanjinsa so yake kullum yana tafiya, ka bar shi da yunwa sukarin jininsa ya sauka hanji ya tsaya, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ya ci har ya iso asibiti, kai ne za ka janye abincin kamar awa ɗaya kafin allura don kawai bakin ya zama babu komai. Ka ce ya taho da abincin da ya saba ci, harawa ce, ganyen dankali ne, dusa ce, ko ma mene ne, in kuma yana da abokin zama a taho da su tare a kwali ɗaya. A zo da safe kafin rana ta yi zafi musamman a bazara, zomo in zafi ya haura digiri 30 wahala yake sha, kar a sa shi a but ɗin mota.

Da ya iso, ka nema masa wurin da babu kare babu kyanwa, ko warinsu kar ya ji in da hali. Mu muna ganin asibiti, shi yana ganin gidan masu cin sa. Ka wanke hannu in ka taɓa kare. Sannan maganar ɗauka, wannan al'adar tamu ta kama zomo a kunne a ɗaga shi yana reto a daina. Ƙafafunsa na baya ƙarfi gare su, ƙashinsa kuma ba kauri, in ya yi harbi a iska yana iya karya ƙashin bayansa wajen ƙugu, shikenan ƙafafun baya sun mutu tun ba ka taɓa sirinji ba. Hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, ɗaya ya tallabe ƙugu, ka manna shi a jikinka ka ɓoye kansa a hammatarka, ko ka naɗe shi a tawul. In mai tsalle ne ku zauna a ƙasa ku duba shi.

Sai awo. A sikelin jarirai ko na kicin mai nuna giram, ba kintace ba, gashi yana ruɗin ido, zomon da kake gani kamar kilo uku sai ka tarar 1.8 ne.

Wajen duba lafiyarsa nan nake ɓata lokaci da gangan, domin zomo gwani ne wajen ɓoye ciwo, a daji wanda ya nuna rauni shi ake fara ci. Tambayi mai shi yaushe ya ci abinci na ƙarshe, kashinsa yana fita kamar kullum ko ya ƙanƙance ko ya ragu. Duba hanci, sannan ka juya ƙafafun gaba ka duba ta ciki, in ka ga gashin wurin ya cukurkuɗe ya bushe to majina yake gogewa, alamar ciwon numfashi irin na ƙwayar cutar fastorela kenan ko da hancin a bushe yake a gabanka. Wannan yana da nauyi saboda zomo ta hanci kawai yake numfashi, in ka ga yana buɗe baki yana jan iska to ya kusa tafiya ne, oksijin yake buƙata ba tiyata ba. Saurari ƙirji, zuciyarsa tana bugawa kamar 180 zuwa 300 a minti, numfashi 30 zuwa 60 in hankalinsa a kwance yake, zafin jiki 38.5 zuwa 40. Lalubi ciki, in tumbi ya kumbura ya yi tauri kamar ganga ka dakata. In kana da ɗan injin gwada sukari irin na masu ciwon suga, ɗigo ɗaya daga kunne ya isa, zomon da ya daina ci kuma sukarinsa ya haura 20 a ma'aunin milimol ka yi zargin toshewar hanji. Wanda ya bushe ko ya kwana biyu bai ci ba, in aikin ba na gaggawa ba ne, ƙarin ruwa da ɗura da maganin ciwo tukuna, tiyata gobe ko jibi. Mai zomo zai ce Likita daga nesa fa na zo, ka ba shi haƙuri.

Kafin ka zuƙi ko ɗigo ɗaya na magani ka jera komai. Silindar oksijin ka tabbatar akwai iska a ciki, mas, wato robar da ake kifawa a fuska don shaƙar iska, ƙarami da zai kama hanci, bututun maƙogwaro mara balo lamba 2, 2.5 da 3, jakar hura iska ta jarirai, kanula, wato 'yar robar da ake sawa a jijiya don ba da magani da ruwa, lamba 24 ko 26, sirinjin insulin ko na mil ɗaya, man ido, tamomita, robobin ruwan ɗumi, tocila saboda wuta tana iya ɗaukewa kana tsaka da aiki. Ka rubuta lissafin magungunan a takarda har da na gaggawa irin adirenalin ka manna a bango, lokacin da numfashi ya tsaya ba lokacin danna kalkuleta ba ne. Ni dai ra'ayina in babu oksijin a asibiti kar a sa wa zomo barci sai in rai ne a kan layi, a tura shi inda suke da shi.

Yanzu kunne. Aske gefen kunnen ta waje inda siririyar jijiyar nan take bi ta baki baki, shafa man kashe zafin fata na EMLA ka rufe ka ba shi minti 30 zuwa 45, fatar za ta mutu ba zai fizge ba. Ta gefen ake sa kanula, ta tsakiyar nan mai kauri da take jan ido jijiyar da ke kawo jini ce daga zuciya, in ka zuba magani a ciki kunnen yana iya ruɓewa ya guntule. Naɗa bandeji kamar ɗan gammo ka sa a cikin kunnen ya tokare, sai ka liƙe da filasta.

Maganar magunguna kuma, kowa da haɗin da ya saba da shi, zan faɗi nawa. Ga zomo mai lafiya, medetomidin 0.2 miligiram a kowane kilo, ketamin 10 a kilo, da maganin ciwo butofanol 0.5 a kilo, a sirinji ɗaya a ƙarƙashin fata ko a tsoka, cikin minti 5 zuwa 10 zai kwanta. In aikin mai zafi ne kamar cire mahaifa na fi son bufurenofin 0.03 zuwa 0.05 a kilo maimakon butofanol don ya fi daɗewa. Misali zomo kilo 2, medetomidin mai miligiram 1 a mil zai zama mil 0.4, ketamin miligiram 20, wato mil 0.4 in kwalbar mai 50 ce, mil 0.2 in mai 100 ce. Karanta kwalba kullum. Zomo mara lafiya ko tsoho ban ba shi medetomidin, midazolam 0.5 zuwa 1 a kilo da bufurenofin, sai in ƙarasa da kaɗan kaɗan ta kanula ko da gas ɗin barci.

Na san a yawancin asibitocinmu abin da ke cikin kabad zailazin ne da ketamin, shi aka koya mana, ketamin 35 da zailazin 5 a kilo a tsoka. Yana aiki, yana ba ka kamar minti 20 zuwa 30, amma yana danne zuciya da numfashi sosai, haɗi ne na zomo matashi mai lafiya kuma da oksijin a hanci. Babban tarkon shi ne zailazin kala biyu ne a kasuwa, akwai mai miligiram 20 a mil akwai mai 100 na manyan dabbobi. Zomo kilo 2 miligiram 10 yake so, rabin mil kenan a na farko, 0.1 a na biyu, in ka rikita ka ba shi ninki biyar, kuma wannan yana iya kashe shi. Allurar tsoka ka yi ta a naman gadon baya ko gaban cinya, bayan cinya akwai babbar jijiya, ketamin yana da zafi, in ya taɓa ta sai ka ga bayan kwanaki zomo yana cin yatsun ƙafarsa. Atirofin kuma, maganin da ake bayarwa in bugun zuciya ya yi ƙasa, kar ka dogara da shi, zomaye da yawa suna da wani sinadari a jini da yake lalata shi nan take, in akwai gilaikofairolet shi ya fi.

Abin da ban yarda da shi ba sam shi ne a danne zomo ido biyu a kafa masa mas a buɗe gas ɗin barci na aisofuluren. Warin yana sa shi riƙe numfashi, zai iya yin fiye da minti ɗaya bai ja iska ba, zuciya ta yi ƙasa, kai kuma kana ganin bai kwanta ba sai ka ƙara buɗewa, sai ya ja wani dogon numfashi ɗaya ya kwashi gas mai yawa. Ga kokawa ga haɗarin karya baya. A fara da allura tukuna, da ya lafa ka ba shi oksijin zalla minti 3 zuwa 5, sannan in za ka sa gas ka fara daga ƙasa kana hawa a hankali, rabin kashi rabin kashi. Yawanci 1.5 zuwa 2.5 cikin ɗari yana riƙe shi in an riga an yi allura.

Da ya kwanta ka buɗe baki ka share da auduga a tsinke, za ka sha mamakin ganyen da yake ɓoyewa a kumatu.

Sa bututu a maƙogwaron zomo shi ne wurin da kowa yake gumi. Bakin ƙarami ne, ba ya buɗewa sosai, harshen yana da tudu a baya, ba ka ganin komai. Kwantar da shi a kan ƙirji, mai taimaka maka ya ɗaga kan ya miƙar da wuya hanci yana kallon sama, ja harshe gefe a hankali ta gefen haƙoran gaba kar su yanke shi. Ɗiga lidoken, maganin kashe zafin wuri, kaɗan a maƙoshi, ka lissafa shi cikin jimlar da ba za ta wuce miligiram 2 a kilo ba, jira kamar minti ɗaya. Sai ka zura bututun ta kan harshe kana sa kunnenka a bakinsa kana jin numfashi, inda ƙarar ta fi ƙarfi nan ne ƙofar, ka jira ya ja iska sai ka tura da ɗan murzawa. In ya shiga sau da yawa zai ɗan yi tari, za ka ga tururi yana zuwa yana komawa a cikin bututun, in ka kara gashi a bakin bututun zai motsa. In ka ji tauri kar ka tura, ko kaɗan. Wasu suna amfani da abin duba kunne su hango ƙofar su zura siririyar roba sannan bututu ya bi ta, shi ma yana yi. Dokata ita ce gwaji biyu, in ya yi yawa uku, da oksijin a tsakani, in bai shiga ba na haƙura na koma mas, don maƙogwaron da aka yi ta tsokana kumbura yake, sai bayan ka cire komai ya toshe. Akwai v-gel na zomo wanda yake zama a kan ƙofar maƙoshi ba sai ya shiga ba, yana da sauƙin sawa amma yana gocewa in an motsa kai, ya fi dacewa da mai injin auna iskar da ake fitarwa. In mas za ka yi aiki da shi, ya kama fuska sosai, wuya a miƙe, hanci a share.

Kwanciyar kan tebur ma da nata. Ƙirjin zomo ɗan mitsitsi ne, cikinsa kuma buhu guda, in ka kwantar da shi rigingine a shimfiɗe kayan ciki sai su danne huhu. Sa tawul a ƙarƙashin kafaɗu ƙirji ya fi ƙugu tudu, kar ka ɗaure ƙafafun gaba ka ja su tamau, kar mai aiki ya jingina hannu ko ya ajiye almakashi a kan ƙirjin, wannan kaɗai ya isa ya hana shi numfashi. Sa man ido, idanunsa a waje suke kuma da ketamin a buɗe suke zama, ka lura gefen mas kar ya danna su.

Sai sanyi, wanda shi ne ya ci zomon yarinyar nan. Ƙaramin jiki nan da nan yake zubar da zafi, balle a hunturu ko ɗakin da esi yake aiki. Kashe esi da fanka, shimfiɗa tawul, jera robobin ruwan ɗumi a naɗe a tsumma kar su taɓa fata kai tsaye don yana ƙonewa bai sani ba, sa masa safar jarirai a ƙafafu. Aski iya inda za ka yanka, a hankali don fatar tana yagewa kamar takarda, kuma kar ka yi masa wanka da sifirit, shi ke kwashe zafin. Ruwan da za ka ƙara masa a ɗumama shi, kamar mil 10 a kilo a awa, ka riƙa turawa da sirinji kaɗan kaɗan, ba a sake wa zomo dirif ya yi ta zuba. Jininsa gaba ɗaya bai wuce mil 55 zuwa 70 a kilo ba, zomo kilo 2 in ya zubar da mil 20 zuwa 25 ka shiga matsala, don haka auduga biyu uku da suka jiƙe sharkaf ba wasa ba ne.

Mutum ɗaya aikinsa kawai kallon zomo, ba miƙo kaya ba, ba ɗaga waya ba. Idonsa a kan ƙirji, abin sauraro a kunne, duk minti biyar ya rubuta bugun zuciya da numfashi, duk minti goma zuwa sha biyar zafin jiki. Ƙifta ido ba abin dogaro ba ne a zomo, ka matse tsakanin yatsun ƙafar baya ko ka mintsini kunne, in bai janye ba bai girgiza kai ba za ka iya yanka. In idon ya turo waje ko numfashi ya koma jefi jefi to ya yi nisa, rage gas. Abin auna oksijin yana kamawa a harshe ko gindin kunne ko tafin ƙafa, amma medetomidin da zailazin suna matse jijiyoyi su sa dasashi ya yi fari fari injin ya yi ta ƙarya, kar ka yarda da shi fiye da idonka. In numfashi ya tsaya, rufe gas, duba ko bututu ya toshe ko ya lanƙwashe, hura masa a hankali iya yadda ƙirji zai ɗan ɗaga, huhun bai wuce ɗaukar mil 10 zuwa 15 ba a numfashi guda, sannan ka ba da maganin warware barcin, wato atifamezol. Kuma ka yi amfani da lidoken a wurin yanka ko cikin 'ya'yan maraina, yana rage yawan gas ɗin da za ka buƙata.

Abu biyu na ɗinki tunda suna shafar tashinsa, ka guji zaren katgot don jikin zomo yana yi masa ƙurji, kuma ka ɓoye ɗinkin a cikin fata, in ya ga zare zai cire shi kafin magariba. A namiji ka tuna ƙofar makwancin marainansa a buɗe take zuwa ciki, a rufe ta.

An gama, toh yanzu aikin ya fara. Rufe gas ka bar shi a oksijin wasu mintuna. Atifamezol ninki biyar na miligiram ɗin medetomidin, wato in kana da mai 5 a mil daidai yawan ruwan da ka ba da na medetomidin, yana warware zailazin ma, amma in da hali ka bari minti 30 zuwa 40 su wuce daga allurar ketamin kar ya farka yana makyarkyata. Cire bututu da ya fara taunawa ko haɗiya. Kwantar da shi a kan ƙirji a kwali mai tawul, wuri shiru mai ɗumi, kuma wani ya zauna da shi, a duba duk minti biyar zuwa goma har ya ɗaga kai ya zauna da kansa. Da zafinsa ya kai 38 da wani abu ka janye robobin, kar ka dafa shi kuma, ba ya gumi. Kanular ta zauna sai ya miƙe. Maganin ciwo meloksikam miligiram 0.6 zuwa 1 a kilo in ba a bushe yake ba kuma ƙoda lafiya, a ci gaba da shi kwana 3 zuwa 5, domin zomon da yake jin ciwo ba ya kuka, lafewa yake a lungu yana cizon haƙora ya ƙi abinci, daga nan hanji ya tsaya. Wannan deksametason da ake tsira wa kowace dabba don ta ji ƙarfi, kar a yi wa zomo shi, yana karya masa garkuwar jiki. Haka amoksisilin da amfikuloks da linkomaisin da kilindamaisin ta baki, suna kashe ƙwayoyin hanjinsa ya yi zawo ya mutu. Kwalar roba ta wuya ma ban sa masa, yana buƙatar ya kai baki ya ci kashin nan mai laushi da yake fitarwa, abincinsa ne.

Da ya zauna ka tura masa ganyen da aka zo da shi, ka mayar masa da abokinsa in ya daina tangaɗi. In awa biyu zuwa uku sun wuce bai taɓa ba sai ɗura, jiƙa abincinsa na ƙwaya ya yi laushi ka dama da ruwan ɗumi, ka yanke bakin sirinji ya faɗaɗa, mil 10 zuwa 15 a kilo, ta gefen baki bayan haƙoran gaba, mil ɗaya ɗaya yana taunawa yana haɗiyewa, a maimaita duk awa 4 zuwa 6. Metokulofiramaid miligiram 0.5 a kilo yana taimakawa wajen motsa hanji in ka tabbata babu toshewa. Ban sallamar zomo sai na ga ya ci kuma na ga kashi a kwalin ko guda biyar ne. In dole sai an tafi da shi, ina koya wa mai shi ɗurar a gabana, in ce Hajiya ko Alhaji a shimfiɗa masa farin tsumma yau da dare a ajiye shi a ɗaki ba a tsakar gida ba, in awa 12 ta cika bai ci ba ko babu kashi a dawo da shi ko ƙarfe nawa ne. Washegari da safe ni nake kira, kuma ba na tambayar ya jikin nasa don amsar kullum da sauƙi ce, cewa nake a je a ƙirgo min kashin da ke kan tsumman.